Ɓerayen da Ba Sa Ƙoshi

Tun da na yi ritaya na dawo Batsari na kafa 'yan kejina a bayan gida, da wuya mako ya wuce samari ba su yi mini sallama ba. Sun ji ana aiko mota daga makarantu a ɗauki farin ɓera a wurina, sai suka ɗauka abin ba shi da wuya. Wani ma cewa ya yi, "Baba Isiya, ai ɓera shi ke kiwon kanshi, rumbunmu cike yake da su." Ban yi masa musu ba. Na rumbu shi ke kiwon kansa. Na keji kuwa ba shi da rami, ba shi da inda zai gudu in zafi ya yi yawa. Abin da ka zuba masa shi zai ci, abin da ka manta kuma shi zai kashe shi. Saboda haka ku zauna ku ji yadda aikin yake kafin ku je ku sayo waya ku fara ɗinka keji.

Ni haifaffen wani ƙauye ne a gefen Ruma, amma a Tsaskiya na tashi, a hannun kawuna mai kiwon turka. Shi ya koya mini kallon dabba tana cin abinci, da gane ragon da ke ci don daɗi da wanda ke ci don dole. Da na girma na tafi birni neman aikin gadi. Wani mutumin garinmu da ke aikin masinja a jami'a ya ce babu gurbi a bakin ƙofa, amma ana neman mai shara a gidan dabbobi na sashen likitanci. Na ɗauka awaki ne da tumaki. Da aka buɗe mini ƙofa sai na ga jerin kantoci har sama, keji bisa keji, ga wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Wani dattijo ɗan kudancin Kaduna, Baba Yohanna, shi ke riƙe da wurin. Ya dubi hannayena, ya ce in yanke farce in dawo gobe.

Aikin farko da ya ba ni wankin keji ne, kuma na daɗe a kansa har na fara zaton ya manta da ni. Ruwan zafi, sabulu marar ƙamshi, buroshi, sannan a kife a rana. In ya zo dubawa ba ya kallon tsakiyar kejin, lungunan yake shafawa da yatsa ya kai hanci. Bayan wanki sai shimfiɗa. Dusar katako muke amsowa wajen masu yankan katako, a tankaɗe ta a fitar da ƙura, a gasa ta don ƙwari su mutu. Ba kowace dusa ake karɓa ba. In katakon da aka yi wa feshin maganin gara ne, kwana biyu za ka ga ɓeraye suna ta atishawa. Sai kwalbar ruwa, wadda ake kifawa bisa murfin keji da ɗan bututun ƙarfe a bakinta. Kowace safiya sai ka taɓa bakin kowane bututu da yatsa. Wanda ya toshe zai kashe su da ƙishirwa alhali kwalba na cike a gabansu. Wanda ke yoyo zai jiƙa shimfiɗa, jarirai su sandare.

Sai da ya ga na daina gaggawa sannan ya bari na taɓa ɓera. Ana kama shi a gindin wutsiya, ba a ƙarshenta ba, a ɗora shi bisa wayar murfi, in ya riƙe wayar da ƙafafun gaba sai ka tattara fatar wuyansa tsakanin babban yatsa da manuni. In ka sassauta ya juyo ya cije ka, in ka matsa ka shaƙe shi. Na sha cizo kafin hannuna ya gane tsakiyar. Baba Yohanna ba ya faɗa. In na yi kuskure cewa kawai yake, "Sake." Kayan aikinmu ba su da yawa: sikeli, hantsaki, safar hannu, almakashin yi wa kunne alama, da ma'aunin zafi da ke rataye a bango. Shi wannan ma'aunin shi ake fara dubawa kafin a gaisa da kowa.

Masu zuwa wurinmu galibi ɗalibai ne, kuma ɗalibi kullum a makare yake. Na tuna wani da ya zo yana son mazan ɓeraye masu nauyi ɗaya don gwajin wani ganye. Muka ware masa, muka ce kada ya haɗa waɗanda ba tare suka tashi ba. Kejinsa bai isa ba, sai ya zuba su wuri guda ya tafi hutun ƙarshen mako. Ranar Litinin ya dawo ya tarar da bayansu duk rauni, wasu sun mutu. Bai yi da mugunta ba, bai dai san namijin ɓera ba ya yarda da baƙon namiji ba. Baba Yohanna ya zaunar da shi, ya sa shi ya wanke raunukan da hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan yaron daga baya ya zama malami a sashen, kuma ɗalibansa ba su taɓa yin irin wannan ba.

Na yi shekaru a wurin, Baba Yohanna ya fara ja baya saboda ciwon gwiwa, sai Dakta Rabi ta dawo daga karatu a ƙasar waje. A kan ƙiba da ciwon suga take bincike. Ta daɗe tana fafutukar a ba ta izinin shigo da wasu ɓeraye na musamman, har ranar da suka iso cikin akwatuna masu taga ta raga. Baƙaƙe ne, ba farare irin namu ba. Akwati na farko sirara ne masu zafin nama. Da na buɗe na biyu sai na tsaya. Kowannensu kamar curin fura aka yi wa kai da wutsiya, ƙafafun ma da ƙyar ake ganinsu.

Na ce, "Dakta, me ake ba waɗannan haka?"

Ta ce, "Abin da ake ba 'yan'uwansu, Malam Isiya. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da siraran nan."

Ta zauna bisa kujerar roba ta yi mini bayani da Hausa, a hankali. Ta ce a jikin kowace dabba, har da mu, kitse yana aika wani sinadari zuwa ƙwaƙwalwa ya shaida mata an tara abinci, a dakata haka. Waɗannan an taɓa ƙwayar halittar kakanninsu, an kashe wurin da ke yin wannan sinadari. Saƙon ba ya zuwa. A wajen ƙwaƙwalwarsu, kullum yunwa ce ke shirin kashe su.

Na ce, "Ko cikin ya cika?"

Ta ce, "Ko ya cika."

Ni da na tashi a gidan turka, da farko sha'awa suka ba ni. Na ce a raina da kawu zai sami rago mai irin wannan hali, da ya huta. Amma mako guda ina kallonsu na daina wannan tunani. Rago in ya ci harawa ya sha dusa, akwai lokacin da zai kau da kai, ya kwanta yana tuƙa, ka ga natsuwa a idonsa. Waɗannan ba su da wannan lokacin. 'Yan'uwansu sirara su ci su tafi su yi wasa, su yi barci a dunƙule. Su kuwa suna nan gindin mazubin abinci, su ci har barci ya kwashe su da loma a hannu, su farka su ci gaba daga inda suka tsaya. Ba su da faɗa, ba sa cizo. In ka ɗora ɗaya a tafin hannunka zai zauna shiru yana sansanar yatsunka, ko akwai wani abu.

Kula da su ya ninka na sauran wahala. Suga yana hawa musu, su sha ruwa da yawa su yi ta fitsari, don haka shimfiɗarsu ba ta kwana biyu. Cikinsu yana jan ƙasa, in dusa ta jiƙe sai fatar ta saɓule, kuma rauninsu ba ya saurin warkewa. Ba a ɗaga su da wutsiya kaɗai, sai ka tallabe su. In sun yi nauyi sosai ba sa iya miƙewa su kai mazubin da ke sama, sai ka sauko musu da abinci ƙasa, ka sa wa kwalba dogon bututu. Zafi yana kashe su, sanyi ma haka, duk da kitsen nan. Ɗakinsu kaɗai ke da na'urar sanyaya wuri, kuma in wuta ta ɗauke ni ke gudu in tada janareta.

Akwai aikin da ban manta ba. Dakta ta ce a ware wasu daga cikin masu ƙiba, a riƙa auna musu abinci daidai da abin da siriri ke ci, ba ƙari, a ga ko za su rame. Ni ke aunawa a sikeli kowace safiya. Kafin in gama zagaye ɗakin sun cinye na yini guda, sannan su kama wayar murfi su yi ta gaigaya. Kuma abin mamaki ba su zama sirara ba, jikin nasu ɗan abin da ya samu ma ɓoye shi yake. Bayan haka ta samo sinadarin nan da suka rasa, ɗan kaɗan a cikin ƙanƙara, ta fara yi wa wasu allurarsa. Kwanaki kaɗan na shiga da safe na ga abinci ya rage a kejin ɗaya daga cikinsu. Na ɗauka ciwo ne, na ɗauko shi na dudduba. Lafiyarsa ƙalau. Na mayar da shi, ya je ya sansana abincin, ya juya baya, ya tafi lungu ya fara gyaran gashinsa. Na kira Dakta. Muka tsaya mu biyu muna kallon ɓera yana ƙin abinci. Can ta ce, "Akwai 'yan Adam da ake haifa haka, ba su da yawa, amma akwai su. Ana dukansu ana ce musu masu haɗama."

Abu guda da ya kamata ku riƙe, don shi ne gindin abin da ya biyo baya: masu ƙibar nan ba sa haihuwa. Daga 'yan'uwansu sirara ake samunsu, waɗanda ke ɗauke da abin a ɓoye. In ka haɗa namiji da mace masu ɗauke da shi, wajen ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai fito mai ƙiba. Da ido ba ka gane siririn da ke ɗauke da shi, sai an gwada jininsa a inji, ko kuma ya taɓa haifar mai ƙiba. Don haka iyayen da suka taɓa haihuwar su su ne dukiyar ɗakin.

Mugunyar shekarar ta zo bayan Baba Yohanna ya koma garinsu, ni ke riƙe da wurin. Aka shiga dogon yajin aiki, aka rufe jami'a, albashi ya tsaya. Ɗalibai suka watse. Aka yanke wuta, man janareta ya ƙare, mai kawo mana abincin ɓeraye ya daina zuwa. Ga bazara ta shigo. Fararen ɓeraye muka fara rabarwa ga wasu makarantu, don su ana samunsu ko'ina. Baƙaƙen kuwa Dakta ta riƙa ciyar da su daga aljihunta, ita ma ba albashi. Ni kuma ina jiƙa buhunan algarara ina ratayawa a taga, ina yi musu fifita da kwali. Duk da haka kowace rana sai na ɗauke gawa, kuma masu ƙiba ne ke fara tafiya.

Wata safiya ta zo ta zagaya ɗakin, ta dubi ma'aunin zafi, ta dubi abin da ya rage a buhu. Ta ce, "Malam Isiya, ba za mu iya riƙe su duka ba. Masu ƙiba sun fi ci, ba sa haihuwa, kuma wahala suke sha. Iyayen za mu tsirar."

Na ce, "To aikin naki fa?"

Ta ce, "Wanda nake ciki ya riga ya lalace. In iri ya tsira, a sake farawa."

Wannan ma cikin sana'ar yake, kuma shi ne ba a gaya wa mai sha'awar shiga. Akwai tukunyar gilashi mai murfi, ana sa auduga da maganin barci mai ƙarfi a ƙasanta. Ka sa dabba, ka rufe, ka tsaya a kanta har numfashi ya tsaya, ka tabbatar, sannan ka ɗauko ta gaba. Ba a yi a gaban sauran, ba a gaggawa, ba a hira. Dakta ba ta bar ni ni kaɗai ba, ita ke miƙo mini su, ta auna kowanne kafin ta ba ni. Kafin nan ta sa na cika musu mazubi da abin da ya rage mai kyau. Da yawansu da abinci a baki aka ɗauko su. Da muka gama muka ƙone su a bayan gini, muka wanke hannu, ta shiga motarta ta daɗe ba ta tada ta ba.

Zaman birni ya gagare ni babu albashi, ginin kuma ya zama tanda. Na ce mata a gidana na Batsari akwai tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango inda matata Hajara ke ajiye randa, ko da tsakar rana da sanyinsa. Ta nemi izinin shugaban sashe, aka yarda bisa sharaɗi guda: ko ɗaya kada ya kuɓuce ya haɗu da ɓeran gida. Na jera kejin iyayen a kwali mai huda, na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, na rungume a gidan gaba na motar haya. A wani shinge kafin mu shigo gari soja ya ce me ke ciki. Na ce ɓeraye. Ya ɗaga buhun ya leƙa, ya dube ni, ya mayar ya ce mu wuce.

Na tarar da gida cike. Iyalin yayana Sada sun baro ƙauyenmu bayan 'yan bindiga sun ƙone rumbuna sun kore shanu, shi kansa Yaya Sada sun ɗauke shi a gona, yana daji a hannunsu. Mata da yara har a zaure suke kwana. A cikin wannan hali na ce a kwashe randuna a ba ɓeraye ɗaki. Hajara ta kwashe. Na toshe kowane rami da siminti da fasasshiyar kwalba, na buga raga a taga, na sa ƙafafun tebur cikin gwangwanayen baƙin mai saboda tururuwa, na sa kwaɗo a ƙofa. Riga dabam nake sawa in zan shiga, sai na wanke hannu, don cutar da ɓeran gida ke yawo da ita lafiya lau tana iya share na keji. Abinci kuwa da kaina nake haɗawa: garin masara, dusa, ɗan garin kifi, da tunkuzar gyaɗa da 'ya'yan kawu ke aiko mini daga Tsaskiya ta hannun ɗan acaɓa ranar kasuwa. In kwaɓa, in mulmula, in shanya bisa rufin kwano ya bushe ƙarau.

Ba da daɗewa ba mace ɗaya ta haihu, kuma da aka yaye 'ya'yan sai namiji guda ya fara zagayewa. Na buga wa Dakta waya. Ta ce in zan iya in riƙe shi, ko da a kan awo ne, don shi ne shaidar cewa irin yana nan. Na ware masa keji, ina auna masa abin da siriri ke ci.

A wannan tsakanin aka sako Yaya Sada, bayan dangi sun yi abin da aka saba yi. Mutum ne da a da shi kaɗai ke ɗaga buhun gero ya ɗora wa jaki. Ya dawo riga na yawo a jikinsa. Ba ya ba da labarin daji, mu ma ba mu tambaya ba. In an kawo tuwo yakan ci a hankali, kansa a ƙasa, kuma ranar wanki Hajara ta sha samun ƙanzo a aljihunsa. A lokacin hatsi ya yi tsada ƙwarai, an koma dafa abinci sau ɗaya a yini, da safe yara su sha kunu.

Wata rana bayan azahar ina cikin ɗakin sai na ji ya yi sallama a bakin ƙofa.

Ya ce, "Isiya, an ce mani hatsi kake ba ɓeraye."

Na ce, "Dusa ce da tunkuza, Yaya, sai 'yar masara kaɗan."

Ya ce, "Bana babu masara kaɗan. Buɗe in gani."

Na ce sai ya wanke hannu. Ya dube ni, ya karɓi buta ya wanke, ya shigo. Na san abin da ya kawo shi, ga shi shi ne babba, kuma yaransa ne ke yini da kunu. Ya bi kejin da kallo ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan mai ƙibar. Ɓeran ya riga ya cinye rabonsa tun safe, yana rataye da wayar murfi yana gaigaya, haƙoransa na ƙara a ƙarfen.

Ya ce, "Wanga mi ke damunshi?"

Na gaya masa yadda Dakta ta gaya mini, cewa ba ya jin ƙoshi, kuma ina auna masa ne don abincin ya kai.

"Kullum haka yake yi?"

"Kullum."

Ya durƙusa a gaban kejin, ya daɗe. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Can inda aka aje mu, sau guda ake ba mu dambu, cikin murfin kwano. In ya ƙare sai mu tauna igiyar da aka ɗaure mu da ita. Ba don ta yi wani abu ba, don dai baki ya motsa." Ya dafa gwiwa ya miƙe. "Ko ka ba shi ya ci, ko ka sallame shi. Kada ka aje rai gabanka kana auna mashi yunwa."

Wannan ne kaɗai abin da na taɓa ji daga bakinsa game da daji. Da yamma na kira Dakta na gaya mata. Ta ce ita ma abin yana ranta tun ranar da ta ce a riƙe shi. Ta ce in ɗauki hotonsa, in auna shi, in sallame shi. Na cika masa mazubi, na bar shi ya ci iya cinsa, washegari na yi abin da ake yi.

Hukuncin Yaya Sada shi ne masara ta koma tukunya, kuma ban ja da shi ba. Amma bai ce a zubar da sauran ba. Shi da kansa ya je wajen wani abokinsa ɗan ƙauyen Karare mai injin niƙa, ya roƙi a riƙa tara mana sharar gari da ke zuba ƙasa. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa komai ba, shi ke dawowa da ƙullin shara a leda. Nakan tankaɗe ta in soya a kasko kafin in kwaɓa. Ta riƙe rai amma ba ta isa ba. Matan ɓerayen suka daina ɗaukar ciki, wadda ta haihu ta cinye 'ya'yanta, haka suke yi in jiki ya rasa abin da yake nema. Da damina ta sauka gudawa ta shiga kejin matasan ta share su. Kafin a janye yajin aiki, namiji ɗaya ya rage mini da mata biyu, kuma duk sun fara tsufa. Macen ɓera ba ta daɗewa tana haihuwa.

Haka na koma da su birni. Dakta ta duba su ta ce mini gaskiya: in waɗannan ba su haihu ba shi ke nan, ba ta da hanyar sake shigo da wasu, injin gwada jinin ma ya lalace a zaman da ya yi babu wuta. Aka gyara na'urar sanyi, abinci mai kyau ya dawo. Na sa kejinsu a lungun da ba hayaniya, na hana masu shara shiga, na sa musu yagaggiyar takarda ta yin sheƙa. Mace ɗaya ba ta sake ɗaukar ciki ba har ta mutu. Ɗayar kuwa wata safiya na ɗaga ta na ji ta yi nauyi a gefe.

'Ya'yan da ta haifa ba su da yawa. Jaririn ɓera jajir yake, ba gashi, ido a rufe, kuma duk kamarsu ɗaya, ba ka gane komai sai bayan yaye. Ban taɓa sheƙar ba, don tsohuwar uwa in ta ji warin hannu tana iya juya musu. Ta gefen keji nake leƙawa. Gashi ya fito, ido ya buɗe, suka fara gwada abinci. Dakta takan zo ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni, in girgiza kai, ta koma.

Sai wata safiya na shiga na tarar duk sun dunƙule a lungu suna barci, ban da mace guda. Tana gindin mazubi, ta riƙe abinci da hannu biyu. Na zagaya ɗakin na taɓa bututun kwalabe na dawo, tana nan. Na ɗauko ta na ɗora a sikeli, na ɗora 'yan'uwanta, sannan na aika a kira Dakta. Ta zo ta sake aunawa da kanta, ta riƙe 'yar ɓeran a tafin hannu, ta ce, "Alhamdulillahi." Ta ce in raba sauran, maza da mata, mu fara haɗawa da zarar sun isa. Duk baƙaƙen ɓerayen da ke wancan ɗaki a yau daga wannan haihuwar suka fito.

Da ta fita na tsaya a baranda na kira Yaya Sada. Bai koma ƙauyenmu ba, aron gona aka ba shi a Karare, kuma lokacin ana yankan gero. Ina jin iska da muryoyin mutane a bayansa. Muka gaisa, na tambayi iyali da aiki, ya tambayi birni.

Na ce, "Yaya, an samu. Mace ce."

Ya ce, "Irin wancan?"

"Irinsa."

"Tana ci?"

"Tun safe ba ta ɗaga kai ba."

Can ya ce, "Akwai abincin yanzu?"

Na ce, "Akwai. Jiya aka sauke buhuna."

Ya ce, "To cika mata. Ni bari in koma, ana jirana a ɗaure dami."

Na koma ciki na wanke hannu, na buɗe buhu, na zuba mata har murfin ya ƙi rufuwa.